Kora da fara'a: labarin manyan gidajen Niyok

Littafin da muka ɗauko a shirin wannan mako daga Amurka ya fito. Sunansa The Age of Innocence, kamar a ce zamanin da mutane ba su san mugunta ba, amma gatse ne sunan. Wata mata, Edith Wharton, ta rubuta shi. Ya fito a 1920, a 1921 kuma ya ci kyautar Pulitzer, ita ce mace ta farko da ta ci ta a fannin ƙagaggen labari. A gidan masu kuɗin birnin Niyok aka haife ta a 1862, don haka ba jita-jita take ba ka ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Labarin ya faru ne a shekarun 1870. Manyan gidajen birnin 'yan kaɗan ne, junansu suke aura, junansu suke gayyata cin abinci. Wani matashin lauya, Newland Archer, ya yi baiko da May Welland, yarinya kyakkyawa mai ladabi, kowa ya sa albarka. Ana cikin haka sai ga Ellen Olenska, wadda suke kaka ɗaya da May, ta dawo daga Turai. Ta baro mijinta, wani basarake ɗan ƙasar Polan, mai dukiya amma marar mutunci, tana so kotu ta raba auren.

Doka ta yarda, dangi ne ba su yarda ba. Tsoronsu kada a yi tonon silili a gaban alƙali, sunan gida ya shiga bakin duniya. To wa za a aika ya lallashe ta? Newland, tunda lauya ne kuma suruki mai jiran gado. Ya je ya yi aikin da aka sa shi, ta janye maganar kotu. A cikin zirga-zirgar nan kuma sonta ya kama shi. Ka ji fa: da bakinsa ya rufe ƙofar da daga baya ya so ya bi. Da ya fito fili ya gaya mata, ita ce ta ƙi, ta nuna masa cewa shi ya koya mata kada mutum ya gina jin daɗinsa a kan cin amanar wasu. Aka ɗaura aurensa da May.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda mutanen nan suke hukunci. Babu mai ɗaga murya, babu mai cewa "an hana ka". Farkon dawowar Ellen danginta sun shirya mata liyafa, sai kusan duk waɗanda aka gayyata suka aiko da uzuri cikin ladabi. Da ta ƙi komawa wajen mijinta, aka rage mata kuɗin da ake ba ta. Shi kuwa Newland, da aka fahimci ya karkata wajenta, sai kawai aka daina shawara da shi, bai ma ankara da wuri ba. Kai da ka san kasuwa ka san irin wannan. Ba a kori mutum daga rumfa ba, amma ya wayi gari babu mai ba shi bashi, babu mai gaya masa farashin gobe.

Inda abin ya fi ciwo shi ne liyafar ban kwana. Newland ya riga ya ƙudura zai bar matarsa ya bi Ellen. Kwatsam sai ya ji wai za ta koma Turai, kuma May ce da kanta za ta shirya mata walima, babbar walima ta farko a gidansu. Manya duk suka hallara, aka zaunar da Ellen a wurin girmamawa, kowa yana mata fara'a. Yana zaune a kan teburinsa, a cikin gidansa, sai ya gane cewa duk wanda ke wurin ya daɗe da ɗauka su biyun masoya ne, kuma sun taru ne su raka ta ta tafi, su yi kamar ba su san komai ba. Wa zai yi wa faɗa? Wanda ya miƙo masa gishiri? Kora da hali mun sani, wannan kuwa kora da fara'a ce.

Daren nan, ya buɗe baki zai ce yana son yin doguwar tafiya, sai May ta ce masa tana da ciki. Ta ƙara da cewa ta gaya wa Ellen tun mako biyu da suka wuce, lokacin da ita kanta ba ta tabbatar ba. Yarinyar da yake ganin ba ta san dawan garin ba, ashe ita ta fi kowa sani. Ni dai a nawa ganin, Newland ne ɗan fari a cikin su ukun. Kuma tausayina ya fi zuwa ga Ellen, don shi ya tsira da gida da 'ya'ya da girma a gari, ita ce ta kwashe kayanta. May ma ba na zarginta sosai. Da makamin da aka ba ta ta kare ɗakinta.

Marubuciyar ba ta ce zaman da ya yi asara ba ce zalla. Ya riƙe matarsa da mutunci, sun haifi 'ya'ya uku, ya yi wa birninsa aiki. Ita kanta Wharton ta bi ɗaya hanyar, aurenta ya mutu a 1913, ta zauna a Faransa har rasuwarta a 1937.

Bayan fiye da shekara 25, May ta rasu, Newland yana da shekara 57. Babban ɗansa, Dallas, yana shirin auren 'yar Julius Beaufort, wani mai banki da ya karye ya bar gari da abin kunya, kuma babu wanda ya ko ɗaga gira. Katangar da uban ya kasa tsallakewa ta rushe da kanta. Ɗan ya ja shi zuwa Faris, ya ce za su gai da Ellen. A can ne ya gaya masa cewa kafin mahaifiyarsa ta cika ta ce masa ta bar su a hannun amana, don ta taɓa roƙon ubansu ya bar abin da ya fi so, ya kuwa bari. Alhali a fili ba ta taɓa roƙonsa ba.

Da suka isa ƙofar gidan, sai ya ce wa ɗan ya hau shi kaɗai. Ya samu benci ya zauna yana kallon tagar benen har magariba ta kawo jiki. Wani bara ya fito ya rufe tagogin. Newland ya tashi a hankali, ya koma masaukinsa.