Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a gaskiya?

Duk lokacin jigilar alhazai sai maganar nan ta dawo a majalisa da gidan suna: wai tafiya Jidda awa bakwai ce, dawowa kuma awa uku. Har wasu kan ce ai alhaji ya sauke zunubi, shi ya sa jirgi ke yin sauƙi a dawowa. Gwaggona ta riƙe tikitinta a hannu tana nuna mini da yatsa: tashi ƙarfe goma na dare, sauka ƙarfe biyar na asuba. "Ɗan nan, ƙirga da kanka," in ji ta.

Abin da ta gani a takarda daidai ne, amma lissafin ne ya karkace. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da awa 2, kuma tikiti kan rubuta lokacin garin da aka tashi da na garin da za a sauka. Ƙarfe biyar na asubar Jidda, a Kano ƙarfe uku ne na dare. Ke nan awa biyar za ta yi a sama. A dawowa awa biyun nan ake cirewa, sai tafiyar ta zama kamar awa uku. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe, jirgin fasinja kuwa kan ci wajen kilomita 850 a awa. In aka haɗa da hawa da sauka, sai a samu awa huɗu da rabi zuwa biyar, zuwa ko dawowa. Iska kan ƙara ko ta rage 'yan mintuna kawai.

Amma in wanda ya yi hajjin 2023 ya ce ya daɗe a sama fiye da haka, ku gaskata shi. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun shekarar, aka rufe sararin samaniyarta, alhali hanyar da aka saba bi ta Chadi da Sudan ce kafin a tsallaka Bahar Maliya. Dole jirage suka yi zagaye, man da ake sha ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi.

Batun cewa wani maganaɗisu ne ke hana jirgi ratsa saman Ka'aba kuwa ba shi da tushe. Makka ba ta da filin jirgin fasinja, kuma hukumomin Saudiyya ne suka taƙaita shawagi a samanta, shi ya sa ake sauka a Jidda ko Madina.

Abin da ke damuna shi ne iyalan da ke zaune da waya a hannu hankali a tashe, suna zaton jirgi ya yi jinkiri, da alhazan da lokacin salla ke rikice musu. Da muka gama lissafin, Gwaggo ta miƙo mini agogonta ta ce in tura shi gaba da awa biyu tun kafin ta shiga sansanin alhazai.