Gyaran Kurakurai da Saurin Isar Saƙo a Kan Layin Tarho

A wannan takarda muna so mu duba wata tambaya da ta dami masu haɗa kwamfutoci ta layin tarho a zamanin modem, watau ko gyaran kurakurai yana rage saurin isar saƙo. A ganinmu, galibi ƙara shi ya yi.

Modem marar gyara yakan aika kowane harafi da bit 10: takwas na saƙo, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa. Ƙa'idar V.42, wadda hukumar CCITT ta fitar a 1988, sai ta tattara haruffa ƙunshi-ƙunshi, ta yar da waɗannan bit biyu, ta liƙa wa kowane ƙunshi lambar tantancewa. Ke nan layin da ke ɗaukar bit 14,400 a daƙiƙa, maimakon haruffa 1,440, yana iya kusantar 1,800, in an ɗebe ɗan abin da shirya ƙunshin ya ci.

Babbar ribar kuwa tana wajen TCP. Ƙa'idar SLIP ba ta tantance kome, PPP kuma in ta ga ɓarna zubar da ƙunshin kawai take yi. Saboda haka ƙara ɗaya a layi takan hallaka haruffa 1,500, aikin kamar daƙiƙa guda. Sa'an nan TCP, tun gyaran da Van Jacobson ya yi mata a 1988, takan ɗauki ɓacewar saƙo a matsayin alamar cunkoso, ta rage gudu, alhali babu kowa a hanyar. Shi ko modem mai V.42 ɗan ƙunshin da ya lalace yake maimaitawa, wanda bisa al'ada haruffa 128 ne, TCP ba ta ma san an yi ba.

Amma fa in layi ya lalace ƙwarai, modem yakan yi ta maimaitawa har wa'adin jiran TCP ya cika, ita ma ta aiko da nata kwafin, saƙo ɗaya ya bi siririn layi sau biyu.

Har ila yau, V.42 tsakanin modem da modem kaɗai take tsaro. In haruffa sun zube a wayar da ta haɗa modem da kwamfuta, don sun zo da saurin da kwamfutar ba ta iya kwashewa, lambar tantancewar PPP ce ke gano ɓarnar, TCP kuma ta sake aikowa.