Gawo: Yadda Za Ka Gane Shi, Da Dalilin Barinsa A Gona

Ya kai manomi, da kai dagaci, ku sani Allah ya ba kowane itace halin da ya dace da ƙasarsa. A kurmin kudu, inda ruwa ya yawaita, itatuwa suna rige-rigen tsawo domin neman hasken rana, ganyensu kuwa faffaɗa ne mai tsini a baki, don ruwa ya riƙa zurarewa. A ƙasarmu ta dogon rani, kaɗanya tana da ɓawo mai kauri wanda ke tsare ta daga gobarar daji, kuka tana ajiye ruwa a jikinta, yawancinsu kuma suna kaɗe ganye da rani.

Amma gawo ya saɓa musu. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, domin saiwarsa tana nutsawa har ta iske ruwan ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka ba ya tare wa gero da dawa rana. Ganyen da ya zuba taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne sa'ad da ciyawa ta ƙare.

Abin baƙin ciki, manoma da yawa sukan sare shi yana ƙarami lokacin sassabe, suna zaton ƙaya ce kawai. To, ga alamunsa:

1. Ƙananan rassansa fari-fari ne, suna tafiya a karkace.
2. Ƙayarsa gajera ce miƙaƙƙiya, biyu-biyu a gindin ganye. Ta farar ƙaya ta fi ta tsawo ƙwarai.
3. 'Ya'yansa ja-ja ne a nannaɗe. Na bagaruwa, waɗanda majema ke jima da su, dogaye ne masu gaɓa-gaɓa, jikinta kuwa baƙi.

Kadan ka iske kututturen gawo ya yi toho, kada ka tone shi, kada ka sa masa wuta. Zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Haka manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa yi tun wajen 1984, har gonakin da fari ya tsiraita suka sake cika da miliyoyin itatuwa.

Kai kuma dagaci, lalle ka gargaɗi masu saran itace da makiyaya su bar ƙananan gawo su girma. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.