Wuyan Jita da Tafin Hannun Makaɗi

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yau da sunan Mdou Moctar, ya shigo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta tafiya har suka karaɗe ƙasashen Sahel. Yanzu da jitar lantarki ƙirar Stratocaster yake zaga Turai da Amurka, kuma bahago ne. Jitarsa ta farko kuwa shi ya haɗa abarsa da katako da wayar birkin keke, don a gidansu ba a yarda da kiɗa ba, balle a saya masa.

Shi da takwaransa Bombino na Agadas sun sa matasa da yawa a Arewa sun fara kallon jita da wani ido. A ƙasar Zamfara dai baƙuwa ce. Daga Gusau zuwa Tsafe, daga Bunguɗu zuwa 'Yankuzo, kunnen mutane da kotso da taushi da kalangu ya tashi, sai kayan tsirkiya na gida: garaya, gurmi, molo, kuntigi, kukuma da goge. Ɗakunan naɗar waƙa na zamani kuma fiyano ta mamaye su. Don haka yaron da ya ga bidiyo a waya ya ƙudura sai ya mallaki jita ba shi da wani babba a unguwa da zai tambaya. Zai yi saƙo Sabon Garin Kano ko kasuwar Alaba ta Legas, ya tambayi kuɗi, ya tambayi launi, ya tambayi sunan kamfani. Abin da hannunsa na hagu zai wuni a kansa, wato wuyan jitar, ba ya cikin tambayoyin. Bayan wata biyu sai ka ji ya jingine ta, wai jita ciwon hannu gare ta.

Makaɗanmu na dauri ba su san wannan kuka ba, kuma akwai dalili. Wuyan garaya, irin wadda Kassu Zurmi ya yi wa mafarauta da 'yan tauri kiɗa da ita, sanda ce zagayayya, babu ƙarfe ko ɗaya a gicciye a kanta, tsirkiya biyu ce ɗaure da fata. Kuntigin Ɗanmaraya Jos gwangwanin kifi ne da ɗan siririn mariƙi da tsirkiya guda. Irin waɗannan kaya ko dai makaɗin ne ya haɗa abinsa, ko ya tsaya a kan mai haɗawa. In sandar ta yi masa kauri a kankare, in ta yi siranta a nemo wata. Kowane manomi a 'Yankuzo ya san wannan ilimi: ba ya ɗaukar ƙotar fartanya sai ya damƙa ta, ya jujjuya, ya ji ta zauna masa a tafi, don ya san ƙotar da ba ta dace ba ita ke fidda kanta kafin rana ta take. Jita ce kawai muke saye ido rufe.

Abin mamaki, su ma Amurkawa da aikin hannu suka fara. Lokacin da Leo Fender ya fito da jitar Telecaster a farkon shekarun 1950, sannan Stratocaster a 1954, da hannu ake goge wuyan kowace jita a masana'antarsa ta Fullerton a jihar Kalifoniya. Wani ma'aikaci mai suna Tadeo Gomez har alamar sunansa yake sawa da fensir a gindin wuyan da ya gama, kuma masu tara tsofaffin jita na neman aikinsa har gobe. Shi ya sa jita biyu na shekara ɗaya kan sha bamban a hannu. Yau injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka, dubu su fito tamkar ɗaya, sai aka koma kiran siffofin da haruffa.

Da za a sa zarto a yanke wuyan a gicciye a dubi bakin yankan, siffar da bayansa ya bayar ita ce sunansa. Wanda ake kira C bayansa ya lanƙwasa a hankali, babu tudu babu kusurwa, kaurinsa a kusa da kai bai cika wuce milimita 20 zuwa 22 ba. Shi ne a kan mafi yawan jitar da ake ƙerawa yau, har da kwaikwayon da ke zuwa daga Sin. U ya fi shi zurfi, gefunansa a cike, yakan kai milimita 24 ko 25. Irinsa ne a kan Telecaster na farko, kuma Les Paul na kamfanin Gibson, da ya fito a 1952, shi ma da wuya mai kauri ya zo kafin a rage shi a 1960. V yana da ƙashin baya a tsakiya, an zaftare gefuna biyu. Fender ta yi shi a wajajen 1957, kuma da ta ƙera wa makaɗi Eric Clapton jita mai sunansa a 1988, wannan siffa ya zaɓa, sai dai an ɗan tausasa ƙashin. D kuwa bayansa a shafe yake, gefuna a tsaye. Ƙarshen siranta shi ne wanda kamfanin Ibanez na Japan ya fitar a 1987 da sunan Wizard, milimita 17 kacal.

Mai karatu zai ce ashe duk rigimar a kan milimita bakwai ko takwas ce. Haka ne, amma hannu yana jin rabin milimita. Kuma ba a kaurin kaɗai gizo ke saƙa ba. Wuya biyu na iya zama kauri ɗaya a ma'auni, ɗaya ya cika maka tafi ɗaya ya ɓace a ciki, saboda yawan naman itacen da aka bari a gefuna. Nan ne yatsu ke zagayowa su kai ga tsirkiya, nan ne gindin manuniya ke jingina. Mai sayarwa zai iya karanto maka kauri daga takarda. Gefuna sai ka riƙe.

Abin da ke raba gardama shi ne inda babban yatsanka yake zama. Makaɗa iri biyu ne. Akwai mai kafa babban yatsa a tsakiyar bayan wuya, tafinsa bai taɓa itace ba, yatsu huɗu a baje suna gudu. Wannan D ko siririn C ne nasa, V kuwa zai dame shi, don ƙashin bayan a kan tsokar yatsan yake sauka. Akwai kuma mai rungumar wuyan gaba ɗaya, babban yatsa ya leƙo ta sama har ya danne tsirkiyar da ta fi kauri, yadda makaɗi Jimi Hendrix ya riƙa yi. Wannan V ko C mai ɗan nama ne ke yi masa daɗi, domin inda aka zaftare gefen nan ne yatsan ke bi ya haye. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya, riƙo na biyu ne hannunsa zai nema da kansa, tunda sanda zagayayya runguma ake yi mata. Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, daga kayan tsirkiya ɗaya na ƙauyensu ya koma jita, kuma a kiɗansa kana jin tsohon hannun bai bar shi ba: tsirkiya ɗaya na gurnani a ƙasa, waƙar na tafiya a sama. Salon da ya fi kusa da kunnenmu ke nan, kuma ba ya bukatar wuya mai sirantar takarda.

A nan nake saɓa wa abin da 'yan kasuwa ke yawan faɗa, cewa siririn wuya shi ne mai sauƙi, shi ya dace da ɗan koyo. Ba kullum ba. Idan wuya ya cika siranta, tafin hannu ba ya samun abin jingina, sai aikin duka ya koma kan babban yatsa da manuniya suna matsa kamar awartaki. Minti goma na danne tsirkiya shida da yatsa ɗaya ya isa tsokar gindin babban yatsa ta ɗaure. Mai faffaɗan tafi, irin hannun da ya saba da aikin gona, yakan fi samun hutu a wuya mai kauri, don hannun yana zama a buɗe yadda Allah ya halicce shi. Siririn an yi shi ne don masu tseren yatsu na kiɗan Turawa mai amo. Yaro ko mace mai ƙaramin hannu su ma ba lalle siranta ce maganinsu ba. Sau da yawa tsawon ne ke wahalar da su. Tsakanin inda tsirkiya ta tashi da inda ta sauka inci 25.5 ne a Fender, inci 24.75 a Gibson. Gajeren yana kusanto da ƙarafan da ke gicciye a fuskar wuya, yana kuma sassauta tsirkiya.

Ita ma fuskar wuyan ba a shafe take ba, tana da ɗan doro. Tsofaffin Fender doronsu ya fi fitowa, ana auna shi da inci 7.25, na yanzu 9.5, na Gibson 12. Lamba na hawa, fuska na bajewa. Mai doro ya fi daɗin danne tsirkiya da yawa lokaci guda, bajajje ya fi daɗin jan tsirkiya sama don ta yi kuka. Ɗan koyo kada ya hana kansa barci a kan wannan.

Abin da ya kamata ya hana shi barci yanayinmu ne, wanda ba a yi lissafinsa a Kalifoniya ba. A watan Maris da Afrilu zafin Gusau kan haura digiri 40. Wuyan da aka shafe da fenti mai sheƙi, da tafi ya yi gumi sai ya riƙa kamawa, kana son zamewa zuwa ƙasa yana ja maka birki. Wanda aka bari ba sheƙi, mai ɗan kaushi a taɓi, shi ne abokin bazara. Na ga jita mai kyan siffa da fenti kaɗai ya ɓata, na kuma ga wadda aka bi bayan wuyanta da lallausan samfefa sau biyu uku ta koma wata aba daban.

Sai hunturu. Masu ƙera jita na son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu iskarmu ta bushe ƙayau. Itace yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa, sai bakunan ƙarafan gicciyen su fito ta gefe suna kartar hannu. Bi gefen wuyan da yatsa daga sama zuwa ƙasa. In ka ji kamar haƙoran zarto, aikin mai gyara ne da 'yar magagari, ba laifin C ko V ba. Haka kuma wuyan kan lanƙwashe idan yanayi ya juya. Tsirkiya shida na ƙarfe suna jan sa da nauyin da ya haura kilo 40 dare da rana, abin da sandar garaya ba ta taɓa ɗauka ba. Saboda haka ne ake binne sandar ƙarfe a cikinsa, dabarar da wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, ya nemi rajistarta a 1921. Ana juya ta da ɗan makulli, rubu'in zagaye a lokaci guda, a jira itace ya amsa. Mai garaje yakan karya ta, kuma in ta karye gyaran ya fi kuɗin jitar gwanjo.

A ganina, cikin goma da ke kukan wuyan jita bai dace da su ba, mafi yawa tsirkiya ce ta yi musu nisa da fuskar wuya. Gwajin ba wuya. Je ka ƙarfe na goma sha biyu, inda galibi ake sa ɗigo biyu, ka zura katin ATM biyu a haɗe tsakanin ƙarfen da siririyar tsirkiya. Kaurinsu wajen milimita ɗaya da rabi ne. In sun shiga daidai, lafiya lau. In har da sauran fili na kati biyu ko uku, to kowace siffa ce wuyan, hannunka zai sha wuya. Sannan danne tsirkiya mai kauri a ƙarfen farko da na ƙarshe lokaci guda, ka dubi tsakiya: ɗan sarari kaɗan ake so, wanda takarda biyu ko uku za su cike. In babu ko kaɗan, ko ya yi yawa, a daidaita sandar ciki kafin a yi maganar ciniki.

Bahago yana da nasa lissafin. Hendrix jitar 'yan dama ya riƙa kifewa ya sake jera tsirkiya, kuma hakan ya yiwu ne don wuyan Stratocaster gefunansa daidai suke. Akwai wuyan zamani da ake yi wa gefe ɗaya ya fi ɗaya nama, kamar wanda kamfanin Music Man ya yi wa makaɗi Eddie Van Halen a farkon shekarun 1990. Irin wannan in ka kife shi, daɗin ya koma ciwo. Da yake jitar bahago ba ta cika zuwa kasuwanninmu ba, wanda zai kife ta dama ya nemi wuya mai gefuna daidai.

In an tilasta mini in zaɓa wa wanda bai taɓa riƙe jita ba, kuma saƙo zai yi ba zai je da kansa ba, C matsakaici zan ce, marar sheƙi, da tsirkiya masu laushi. Ba shi ne ya fi kowane daɗi ba, amma shi ne wanda bai cika cutar da kowa ba. Wanda kuwa zai iya shiga mota zuwa Kano ko Kaduna, ya je da hannunsa. Ya zauna, ya ɗora ta a cinya, ya riƙe ta kwatan awa ko da bai iya kaɗa komai ba, sannan ya miƙe ya rataya ta ya sake riƙewa, don kusurwar hannu tana canjawa a tsaye. Idan mai shago ya ce ba a taɓawa sai an biya, a gode masa a shiga shago na gaba.