Scratch ko Arduino: yadda muke saɓani a kan koya wa yara haɗa mutum-mutumi

Tun da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa cibiyar Informatics a Kazaure, garin ya zama matattarar matasa masu neman ilimin kwamfuta. Ga kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Cikin waɗanda ke fitowa daga irin waɗannan makarantu akwai masu komawa sakandare su tara yara su koya musu haɗa mutum-mutumi. Da zarar an zauna, ko a zaure ko a waya, tambaya ɗaya ce ke raba kawuna: da me za a fara wa yaro?

Wasu na bayan Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Yaro na jawo umarni da linzami yana jera su kamar tubali, ba ya rubuta komai. Wasu kuma sun ce wannan wasan yara ne, a ba shi allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005, ya rubuta umarninsa da C++ tun ranar farko.

A ganina talauci ne ke zafafa gardamar, fiye da ilimi. Malamin da ke Roni ko Gwiwa, mai kwamfuta ɗaya da yara cike da aji, ga wuta ba tabbas, sau ɗaya zai yi zaɓi, kuma sau da yawa daga aljihunsa. In aka kushe zaɓin, ji yake kamar an kushe guminsa. Sannan kowa na kare abin da ya sha wahala ya koya.

Amma zafin baki bai kai shiru ɓarna ba a wurinmu. An yi mana tarbiyya kada mu ja da na gaba. Ɗalibar da ta ga ƙannenta suna gudun aji saboda alamar rubutu guda da aka manta ta hana na'ura motsi, ba za ta iya ce wa malaminta hanyarsa ta yi tsauri ba. Sai ta ce "haka ne, Malam", yaran kuma su ci gaba da raguwa. Muna kiran wannan ladabi, ni kuwa asara nake gani, domin ita ce ta fi kowa sanin inda yaran ke tuntuɓe.

Inda aka iya saɓani, magana takan koma kan aiki. Wani ya ce: "Yallaɓai, yarana 'yan aji ɗaya ne, Turancinsu bai nuna ba, shi ya sa na fara da tubali." Ɗayan ya amsa cewa nasa na son na'urar da za ta auna damshin ƙasa ta kunna famfo ga manoman rani a bakin dam ɗin Kazaure, don haka Arduino ya fi masa. A nan sai a gane ba yara iri ɗaya ake magana a kansu ba. A irin wannan zama ne mutum kan ji labarin mBlock, manhajar da ke barin yaro ya sarrafa Arduino da tubali tana nuna masa rubutaccen umarnin a gefe, ko micro:bit na BBC da ya fito a 2016, mai karɓar tubali da Python duka. Malamin da aka kunyata a gaban jama'a kuwa ba ya sake tambaya, kuma ajinsa ba zai ji sunan waɗannan ba.