Yadda za ki rage kuɗin cefane ba tare da kin tauye cimar yara ba

Uwargida, idan a Maitumbi kike zaune, ko Tunga, ko Bosso, ko wata unguwa ta Minna, ba sai an ba ki labarin yadda cefane ya koma ba. Kuɗin da a da yake kawo shinkafa da mai da kayan miya har a samu canji, yau da ƙyar yake tsayawa a kan abu biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi sahu, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ba a manta ba, a watan Fabrairun 2024 mata da matasa sun tare hanya a Kpakungu saboda tsadar rayuwa. Ga kuma matsalar tsaro da ta raba manoma da yawa na Ƙaramar Hukumar Shiroro da gonakinsu, alhali hanyar Gwada da Kuta da ta biyo ta Maitumbi tana cikin hanyoyin da abinci ke shigowa gari.

Idan kuɗi ya gaza, abin da ake fara janyewa daga tukunya shi ne mahaɗi: nama, kifi, ƙwai, wake da ganye. Sai a bar tuwo da miya tsararo, ko garin kwaki, ko taliya da mai da yaji. Ciki zai cika, amma jikin yaro ba zai samu abin da zai ginu da shi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin kowane 100 ’yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Likitoci sun ce daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kwana 1,000 ke nan, shi ne lokacin da jiki da ƙwaƙwalwa suka fi ginuwa, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a mayar da shi daga baya. Don haka a yi tsimi, amma a san inda za a yi shi.

Mahaɗi mai araha

Da yawanmu mun ɗauka idan babu nama babu gina jiki. Ba haka abin yake ba. Waken suya busasshe fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa sinadarin gina jiki ne. Mudu ɗaya idan kika jiƙa, kika markaɗa, kika tace, kika dafa madarar kika tsinka ta da ruwan tsami, zai ba ki awarar da za ta wadaci gida. Ba sai kin soya duka ba, tunda mai ma kuɗi ne. Ki yanka ta ƙanana ki zuba a miyar ganye ko a dafa-duka. Dusar da ta rage bayan tacewa kada ki zubar, tana shiga ƙullin ƙosai ko alale.

Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wanda jiharmu ta yi suna a kansa musamman Bida, duk mahaɗi ne. Haɗa hatsi da wake a kwano ɗaya, kamar shinkafa da wake, ɗanwake, ko faten tsaki da gyaɗa, ya fi cin kowannensu shi kaɗai amfani, domin abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana cikewa. Ƙananan kifi busassu kuma ki wanke, ki shanya, ki daka su har da ƙayarsu, ki riƙa zuba cokali ɗaya ko biyu a miya da abincin yaro.

Sai ganye. Zogale, rama, yakuwa, alayyahu, ganyen wake da ganyen kabewa suna araha da damina, busasshiyar kuka da kuɓewa kuma suna nan da rani. Ki sa ganye a ƙarshen girki, kada ya daɗe a wuta, kuma ki rage kanwa, domin yawanta yana kashe wasu sinadaran abincin. Manja yana ɗauke da sinadarin bitamin A mai kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki, amma idan aka bar shi a wuta har ya yi fari yana hayaƙi, an ƙone amfanin. Idan kina da ɗan fili a tsakar gida, ko tsohon buhu da ƙasa da taki, ki shuka alayyahu. Cikin wata guda ko kaɗan fiye za ki fara tsinka.

Garin kunun yara

Abincin gwangwani na jarirai ya fi ƙarfin gidaje da yawa, kuma ba dole ba ne. Daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa zalla ya ishi jariri, ko ruwa ba ya buƙata. Wannan shi ne abinci mafi inganci, kuma ba a sayen sa. Daga wata shida sai a fara ƙara masa abinci, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Akwai haɗin da ma’aikatan lafiya suke koya wa iyaye, wanda aka fi sani da Tom Brown. Ki auna gero ko dawa ko masara gwangwani shida, waken suya gwangwani uku, gyaɗa gwangwani ɗaya. Ki tsince kowanne, ki wanke, ki shanya. Waken suyar ki jiƙa shi ki cire ɓawon kafin shanya. Sai ki soya kowanne daban ba tare da mai ba har ya yi ƙamshi, musamman waken suyar, domin ɗanyensa yana ɓata ciki. Ki haɗa a kai inji, ki tankaɗe, ki adana a mazubi mai murfi. Ki riƙa yin wanda zai ƙare cikin mako biyu zuwa uku.

Wajen damawa ki dafa shi sosai, kuma ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali da sauri ba. Kunu tsululu ruwa ne kawai ke cika cikin yaro. Ki ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa. Sannan ki kula da gyaɗa da masarar da kika saya: duk wadda ta yi funfuna, ta canja launi ko take ɗaci, a zubar da ita. Irin wannan tana ɗauke da gubar da ake kira afulatoksin, mai lahanta hanta da hana yara girma, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Araha a nan ba riba ba ce.

Sayayya da ajiya

Sayen kullum na ƙulli-ƙulli shi ya fi cin kuɗi, ko da yake shi ne ya fi sauƙin fita daga aljihu. Idan ke kaɗai ba za ki iya sayen buhu ba, ku haɗu ku huɗu ko biyar, maƙwabta ko ’yan adashe, ku sayi buhun masara ko wake ko galan ɗin mai ku raba da mudu da kwalba. Mutum ɗaya ya je Kasuwar Gwari ko Kasuwar Kure, ko Paiko idan doya ake nema, kuɗin mota ya zama ɗaya maimakon biyar.

Ki san lokacin kowane kaya. Hatsi da wake da gyaɗa sun fi sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Tumatir da tattasai da attaruhu suna yawaita da rani, su yi tsada idan damina ta kama. Lokacin arahar ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta a saman wani abu, ba a ƙasa ba, ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Lokacin tsadar kuma kabewa da karas suna ƙara wa miya auki.

Wajen ajiyar wake, don Allah kada a zuba masa maganin ƙwari irin na feshi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka, domin guba ce ake kai wa tukunya. Ki shanya waken ya bushe ƙarau, ki cika jarka mai tsabta wadda ba a taɓa sa fetur ko wani magani a ciki ba, har baki, ki toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin da ke ciki za su mutu saboda rashin iska. Masu ajiya da yawa kuma akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda shi ma da toshe iska yake aiki.

Gishiri ki sayi mai sinadarin aidin, wanda ke hana maƙoƙo kuma yake taimakon ƙwaƙwalwar yaro. Man girki da sukari da fulawa na kamfani, doka ta wajabta a ƙara musu bitamin A, ki duba alamar ido a jikin ledar ko galan ɗin. Dunƙulen ɗanɗano kuma ki rage, ki koma ga daddawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma yawancin dunƙulen gishiri ne.

Tsimin wuta

Ko gas kike amfani da shi, ko gawayi, ko itace, wuta tana cin kaso mai tsoka na kuɗin abinci. Ki jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri. Ki rufe tukunya, kuma da ta tafasa ki rage wuta, domin ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan wutar. Ki kammala gyaran kayan miya kafin ki kunna murhu.

Ga wata dabara: idan wake ya yi kamar minti 20 yana tafasa, ki sauke tukunyar a rufe, ki naɗe ta da tsohon bargo ki sa a kwando ko kwali. Bayan awa biyu zuwa uku zafin da ke ciki zai ƙarasa dafuwar. Abu biyu ne dai ba a tsimi da su. Kada a sa ƙwayar farasitamol a tukunya wai don nama ko ganda ya yi saurin laushi, yana illa ga hanta da ƙoda. Kuma kada a shiga ɗaki da gawayi a rufe ƙofa da taga lokacin hunturu, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa. Abincin da ya kwana kuma a ɗumama shi ya yi zafi har ciki kafin a ba yara, domin kuɗin maganin gudawa ya fi na gawayin.

Abin da yake kyauta, ki je ki karɓa

Akwai abubuwan da haƙƙin ɗanki ne, kuma ba a biya. Allurar rigakafi a asibitocin gwamnati, har da na sha-ka-tafi na unguwa, kyauta ce: ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, wata 9 da wata 15. Tana kare yaro daga tarin fuka, shan inna, mashaƙo, ƙyanda, shawara, sanƙarau da sauransu. ’Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma akwai rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa da aka fara bayarwa a ƙasar nan a watan Oktoban 2023.

Ana ɗiga wa yara bitamin A duk wata shida, daga wata 6 har shekara biyar, ana kuma ba da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya, musamman a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Da damina ma’aikata suna bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara biyar. Na kwana uku ne a kowane zagaye, ki tabbata kin ba da na rana ta biyu da ta uku. Idan aka zo rabon gidan sauro ki karɓa ki rataya, kada ya koma shingen lambu. Gwajin tarin fuka da maganinsa ma kyauta ne a cibiyoyin da aka ware.

Duk zuwa asibiti ki nemi a auna yaron a rubuta a katinsa. Idan ya rame, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, ko ya daina cin abinci, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Alamun tamowa ne, a kai shi asibiti a ranar.

Sai dai ba kowace kyauta ce kyauta ba. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook cewa ana rabon shinkafa ko kuɗin tallafi, a latsa nan a tura wa mutum 20, tarko ne. Duk wanda ya nemi lambar BVN ɗinki, ko lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya turo miki a waya, ko ya ce ki biya kuɗin fom kafin a ba ki tallafi, ɓarawo ne. Idan kina shakka, ki tambaya a asibitin unguwa ko wurin mai unguwa.

Kalma ga maigida

Maigida, wannan aiki ba na uwargida ita kaɗai ba ne. Idan da hali, ka riƙa ba da kuɗin cefane na mako ko na wata maimakon na kullum, don a samu damar sari. Ku zauna ku lissafa abin da gida ke ci. Kuma ka duba abin da kake kashewa a teburin mai shayi ko wurin mai tsire: ƙwai biyun da aka soya maka a waje, da gida suka zo, yara biyu ne za su samu. Al’adar a tsame wa babba nama a bar wa yaro romo ita ma a sake duba ta, domin wanda jikinsa ke ginuwa shi ya fi buƙata. Ƙaramin yaro a zuba masa nasa a kwanonsa daban, don a ga abin da ya ci, kada yayyensa su cinye kafin ya kai loma uku.

Uwargida, ba sai kin yi duka a mako ɗaya ba. Ki fara da biyu: ki haɗa garin kunun nan, sannan ki ɗauko katin rigakafin yaranki ki duba ko akwai allurar da ta wuce. Allah Ya hore mana abin da za mu ciyar da iyali, Ya raya mana zuri’a cikin ƙoshin lafiya.