Babban Kwari da Tambayoyin da Masoya Suka Ƙi Bari Su Mutu

A ranar 18 ga Nuwamba 1988 kamfanin Universal ya saki fim ɗin katun mai suna The Land Before Time a gidajen sinima na Amurka. Don Bluth ne ya ba da umarni, Steven Spielberg da George Lucas na cikin manyan da suka tsaya masa, an kuma yi aikin zanen a birnin Dublin na ƙasar Ailan. Tsawonsa minti 69 ne kacal, amma daga jikinsa aka fitar da wasu finafinai 13, na farkonsu a 1994, na ƙarshe a 2016, da kuma shirin talabijin mai kashi 26 da ya fara a 2007. Yaran da suka kalle shi a kaset ɗin bidiyo yanzu iyaye ne, kuma da yawansu ba su daina muhawara a kan abin da labarin ya faɗa da abin da ya ɓoye ba.

Labarin na 'ya'yan dainoso ne guda biyar, wato manyan dabbobin nan da suka shuɗe miliyoyin shekaru kafin a yi ɗan Adam. Jagoransu Littlefoot ɗan masu dogon wuya ne, dangin da aka tono ƙasusuwan wasu daga cikinsu, irin su Jobaria da Nigersaurus, a yankin Agadas na Nijar. Fari ya cinye ganye, garkuna suka kama hanyar Babban Kwari inda ake jin akwai ruwa da abinci. A hanya wani ƙaton dainoso mai cin nama da ake kira Mai Kaifin Haƙori ya kai hari, uwar Littlefoot ta tare shi ta samu raunin da ya zama ajalinta, girgizar ƙasa kuma ta raba yara da iyayensu. Haka maraya ya haɗu da Cera mai ƙaho uku da girman kai, da Ducky, da Petrie mai tsoron tashi sama, da Spike wanda ba ya magana, suka ci gaba da tafiya tare, ko da yake an raine su a kan cewa kowane jinsi ya tsaya cikin nasa.

Tushen yawancin hasashen masoya shi ne ratar da ke tsakanin wannan fim da waɗanda suka biyo shi. Na farko yana da duhu da yunwa da mutuwa, kiɗan James Horner kuma yana ƙara masa nauyi. Sauran an yi su ne don kallon gida, ba tare da Bluth ko Spielberg ko Lucas ba. Launinsu ya yi haske, an cusa waƙoƙi a cikinsu, haɗarin kuma ya ragu har ya zama na wasa. Masoya sun rabu a nan: wasu na ganin fim ɗaya ne na gaskiya, saura kasuwanci ne, wasu kuwa sun tashi ne da na biyu zuwa na goma, kuma a can suka san duniyar labarin da mutanenta. Ɓangare na biyu suna da hujjar da ba a cika ba ta haƙƙinta ba, domin da yawa daga cikin tambayoyin da ake ta juyawa a yau daga waɗannan finafinai na baya suka fito.

Tsohuwar magana ita ce ta sassan da aka yanke. Kafin a saki fim ɗin farko, Spielberg da Lucas sun ga cewa wasu wurare, musamman harin Mai Kaifin Haƙori, sun fi ƙarfin zuciyar ƙananan yara, sai aka cire kimanin minti 10 na zanen da aka riga aka gama. Har yau ba a fitar da su ba. Masoya sun bi littattafan yara da aka buga tare da fim ɗin, da tallace-tallacensa, da faifan kiɗansa, suna harhaɗa yadda labarin yake tun asali. Abin da ya fi fitowa fili shi ne an sauya jerin ƙarshen: a tsarin farko Littlefoot ya iske Babban Kwari shi kaɗai, sannan ya juya baya don ceto abokansa, amma a fim ɗin da aka saki sai bayan sun gama da Mai Kaifin Haƙori suka ga kwarin. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Yaron da ya ga aljannar duniya da idonsa ya bar ta saboda abokai ya fi wanda bai kai ba tukuna nauyin hali, kuma masu jin takaicin wannan yanka suna da gaskiya.

Daga nan ne wani hasashe ya samu gindin zama, wai yaran sun mutu a hanya, Babban Kwari kuma lahira ce. Masu wannan ra'ayi suna nuna yadda siffar uwar Littlefoot ta bayyana cikin gajimare ta nuna masa hanya, da yadda kwarin yake kore shar alhali duniya duk ta bushe. Hasashen yana da daɗin faɗa, sai dai ƙafafunsa ba su da ƙarfi. Da kwarin makomar matattu ne, da uwar ce za ta fara tarbar ɗanta a bakin ƙofa, amma kakanninsa ya tarar, ita kuwa ba ta nan. Mai ba da labari a ƙarshen fim ɗin ma ya ce yaran sun girma a can, zuriyarsu ta ci gaba da ba da labarin tafiyar. Akwai kuma wani baƙin ciki na zahiri da ke sa mutane kallon fim ɗin da idon makoki: Judith Barsi, yarinyar da ta yi muryar Ducky, mahaifinta ya kashe ta tare da mahaifiyarta a Yulin 1988 tana da shekara 10, watanni kaɗan kafin a saki fim ɗin.

Tambayoyin dangi sun fi wannan tushe. An ga uwar Cera da 'yan'uwanta a farkon fim na ɗaya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba, kuma babu wanda ya yi bayani. A fim na shida, na 1998, sai ga tagwaye Dinah da Dana waɗanda Cera take matsayin gwaggo ko inna a gare su, ba tare da an nuna iyayensu ba. A na 11 mahaifinta ya samu sabuwar abokiyar zama, Tria. Yawancin masoya sun ɗauka uwar ta rasu a hanya, suna kuma fassara zafin ran mahaifin da ƙyamarsa ga baƙi a matsayin ciwon wannan rashi. Shi kuwa mahaifin Littlefoot, Bron, sai a fim na goma a 2003 ya bayyana, da muryar Kiefer Sutherland. Ya ce ya tafi neman sabon mazauni kafin a ƙyanƙyashe ɗansa, ya dawo ya tarar girgizar ƙasa ta shafe wurin, ya yi nema bai dace ba, daga baya ya zama shugaban wani garke. Har yau ana jayayya ko uzurin nan ya isa, tunda labarin Babban Kwari ba ɓoyayye ba ne a wurin kowa. Littlefoot dai ya zaɓi komawa wurin kakannin da suka raine shi.

Fim na bakwai, na shekarar 2000, ya bar ƙofofi biyu a buɗe. Pterano, kawun Petrie, wanda ya taɓa jan wani ɓangare na garke zuwa halaka saboda son shugabanci, an kore shi daga kwari na tsawon hunturu biyar, kuma ba a sake dawo da shi ba. Sannan ga wasu baƙi biyu masu fuska kalar bakan gizo, masu sanin taurari fiye da kima, waɗanda suka ɓace cikin wani haske daga sama. Kusan kowa ya yarda cewa halittun wata duniya ake nufi.

Masu sha'awar kimiyya su ma suna da nasu ƙorafin. Jinsin Littlefoot da na Spike sun rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, na Cera da na Mai Kaifin Haƙori kuwa kimanin miliyan 66 zuwa 68, don haka ba su taɓa haɗuwa ba. Petrie ma a ƙa'idar masana ba dainoso ba ne, ɗan'uwansu ne mai fiffike.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ta Chomper. A fim na biyu yaran sun ɗauko wani ƙwai bisa kuskure, ya ƙyanƙyashe, sai ga jaririn mai kaifin haƙori, jinsin da ya kashe uwar Littlefoot. Littlefoot ya rungume shi ya raine shi, har ranar da ya ciji wutsiyar Cera, aka gane cewa ganye ba abincinsa ba ne. Ya koma wurin iyayensa, aka sake haɗuwa da shi a wani tsibiri a fim na biyar a 1997, ya iya harshen masu cin ganye, yana ɓoye abokansa daga iyayensa. A shirin talabijin ya dawo kwari da zama ƙarƙashin kulawar wata ƙawarsa mai suna Ruby, yana cin ƙwari. To, ƙwaro zai riƙe cikin jariri, amma ba zai riƙe dabbar da za ta kai nauyin tan da yawa ba. Masu shirya finafinan sun kauce wa matsalar ta hanyar hana yaran girma: shekara 28 tsakanin fim na farko da na ƙarshe, Littlefoot bai wuce yaro ba.

Masoya ne suka ɗauki abin da kamfani ya ajiye. A labaran da suke rubutawa da kansu, wasu sun sa Chomper ya bar kwari da dare don kada yunwa ta sa ya ci amana, wasu sun mai da shi mai gadin iyaka da ke farauta a waje yana kare na ciki, wasu kuma sun kai abin ga ƙarshe mai ɗaci. Darasin da jerin ya fi nanatawa shi ne cewa bambancin jinsi ba ya hana zumunci, kuma Chomper ne kaɗai wurin da darasin ya ci karo da abin da kyakkyawar niyya ba ta iya sauyawa, domin cin nama a wurinsa halitta ce, ba mugun hali ba. Fim na 14, Journey of the Brave, ya fito a 2016 da Chomper a cikinsa yana nan ƙarami, kuma tun daga lokacin Universal ba ta sake fitar da wani ba.